Cin abinci a Makka da Madina: amsar tambayoyin da masu zuwa Umara da Hajji suka fi yi

Duk lokacin da tafiya ta matso, ko ta Umarar azumi ko ta Hajji, tambayoyin da 'yan uwa da abokan arziki suke min kusan iri ɗaya ne, kuma abin mamaki rabinsu a kan abinci suke. Wasu har kunya suke ji su tambaya, wai kada a ce ciki ne ya kai su. Ni kuwa ban ga abin kunya ba, da ruwan ciki ake jan na rijiya, mutumin da zai yi ɗawafi ya yi safa da marwa ya taka daga masauki zuwa Harami sau biyar a rana dole ya san me zai sa a cikinsa. Ga abin da na sani daga zuwan da na yi, har da wanda na yi da Hajiyarmu wadda ta haura saba'in.

Wane irin abinci ake samu a kusa da Harami?

Kusan komai, amma abu uku ne suka fi yawa: shinkafa da kaza irin ta Larabawa, soyayyar kaza da dankali, sai kuma abincin Pakistan da Indiya wato biryani da miyar wake da gurasarsu. In ka fito ta ƙofar Sarki Abdul'aziz a Makka dogon benen agogon nan ne a gabanka, a cikinsa akwai hawa guda da aka jera shagunan abinci, a nan ne sabon zuwa ya fi fara sauka. In ka bi titin Ibrahim Khalil ka gangara wajen Misfala kuwa, nan ne ƙananan gidajen abinci suke jere, masu shawarma, masu gurasa, masu shayi. A Madina ma haka tsarin yake, ƙasan otal-otal ɗin da suka kewaye masallacin Manzon Allah (SAW) duk shaguna ne.

Abu ɗaya da nake son kowa ya riƙe tun daga nan: duk taku ɗari da ka ƙara nesa da Harami farashi sauka yake, kuma sau da yawa daɗin abincin ƙaruwa yake. Wanda yake bakin Harami ya san ko ya ya dafa za a saye, gobe wasu baƙin ne. Wanda yake cikin unguwa kuwa direbobi da ma'aikata da 'yan gari ne kwastomominsa, in ya ɓata ba za su dawo ba.

Riyal nawa zan ware na abinci a rana?

Ya danganta da bakinka da kuma ko masaukinka da abinci aka biya. A yadda na gani a zuwana, wanda zai ci a ƙananan gidaje, ful wato dafaffen wake da gurasa da safe, rabin kaza da shinkafa da rana wanda mutum biyu za su iya haɗuwa a kai, shawarma ko madara da biredi da daddare, riyal 40 zuwa 60 za ta riƙe shi ba tare da ya takura ba. In a benen agogo za ka dinga ci kullum toh ka ninka. Bufe na babban otal kuwa, wato inda ake biyan kuɗi ɗaya a ɗebi abin da ake so, cin mutum ɗaya zai iya cinye kuɗin abincinka na kwana uku ko huɗu, na yi bayaninsa a tambayar manyan otal a ƙasa.

Riyal a ɗaure take da dala, dala ɗaya riyal 3.75 ce, shekara da shekaru haka take, saboda haka in guzurinka dala ne lissafin ba wuya. Kada dai ka dinga mayar da kowace riyal zuwa naira ko sefa a ranka kafin ka sayi abu, wallahi na ga wanda wannan lissafin ya hana shi cin abincin kirki har ya galabaita a kwana na huɗu. Ka yi lissafin sau ɗaya a gida, ka ware na abinci daban da na tsaraba, shikenan.

Ba na jin Larabci, ya zan yi in sayi abinci?

Kada wannan ya dame ka, mafi yawan masu sayarwar ma ba Larabawa bane, 'yan Bangaladash ne da Pakistan da Indiya da Yaman, kuma da yawansu sun tsinci Hausa a bakin alhazai, za ka ji wani yana "Alhaji zo, kaza, shinkafa". Amma akwai kalmomi kaɗan da za su sauƙaƙa maka. Bikam, nawa kenan. Habba kaza guda ce, nus habba rabi, rubu'u kwata. Nafar shi ne kason mutum ɗaya, na shinkafa ko na nama. Moya ruwa. Shaɗɗa yaji. Hisab shi ne lissafin kuɗinka. Sai wadda kullum za a tambaye ka: mahalli ko safari? Mahalli a nan za ka ci, safari a ƙulle maka ka tafi da shi.

Yawancin wurare a wajen mai karɓar kuɗi ake fara biya, ya ba ka takarda, ka miƙa wa masu zubawa. In ka tsaya a gaban masu zubawa kana jiran su kula ka, sai a sallami mutum goma kana nan.

Meye bambancin kabsa, mandi, bukhari da madbi? Duk shinkafa da kaza nake gani.

A ido kam kusan ɗaya ne, a baki ne suke rabuwa. Kabsa ita ce ta 'yan ƙasa, shinkafa ce da aka dafa cikin romon nama da tumatir da kayan ƙamshi da busasshen lemon tsami, ita ta fi kusa da dafa-dukanmu. Mandi asalinsa daga Hadramaut ne ta ƙasar Yaman, a rami ake yin sa, a rataye naman a sama shinkafar tana ƙasa, kitsen yana ɗiga a kanta, a rufe ramin ruf, shi ya sa za ka ji ƙamshin hayaƙi kuma naman yana zamewa daga ƙashi ba sai ka ja ba. Madbi a kan duwatsu masu zafi ake gasa shi, ya fi bushewa, wanda ya saba da gasasshiyar kazar mai nama zai fi son sa. Bukhari kuwa sunan daga Bukhara ya zo, shinkafa ce mai ɗan maiƙo da karas a ciki, da kaza gasasshiya a kai, shi ya fi araha, shi ne abincin ranar ma'aikata.

Duk cikinsu ba mai yajin da bakin Bahaushe ya saba da shi. Za a haɗo maka da wani ɗan jajjagen tumatir mai sanyi da suke ce wa daƙƙus, yana taimakawa, amma gaskiya ɗan ƙullin yajinka na gida shi ne maganin abin, duba tambayar kayan da za a iya tahowa da su. Ga tsofaffi kuwa ina ba da shawarar salik, shinkafa ce da ake dafawa da madara da romo har ta yi luguf kamar fate, abincin mutanen Hijaz ne musamman Ɗa'if. Hajiyarmu da haƙoranta suka ragu ita ta riƙe ta kwana da kwanaki. In kana son gwada naman raƙumi ka tambayi hashi, na ɗan ƙaramin raƙumi ne, yana da laushi.

Al Baik ɗin nan da ake ta zuzutawa, ya kai a bi masa layi?

Sau ɗaya ko biyu, eh ya kai. Kamfanin Jidda ne tun 1974, soyayyar kaza ce da dankali da biredi, abin da ya fitar da shi shi ne araha da kuma miyar tafarnuwarsu fara ɗin nan. Za a tambaye ka adi ko harraƙ, adi mara yaji, harraƙ mai yaji, kuma yajin a cikin tsokar yake ba a bayanta ba. Wanda ba ya son ƙashi ya ce musahhab. Amma rassan da suke kusa da Harami bayan isha'i abin ba a cewa komai, turereniya ce sosai, ban yarda mutum ya kai tsohuwa ko yara cikin wannan cunkoson ba. Mutum ɗaya ya je ya sayo wa kowa, ko a bari sai da hantsi ko tsakanin azahar da la'asar.

Akwai kuma Al Tazaj, wanda a Makka aka fara shi a 1989, tasu kazar gasasshiya ce a kan gawayi, ni ita na fi so in zan koma masallaci domin ba ta sa nauyin jiki. Sannan ka tuna da miyar tafarnuwar nan ta Al Baik, domin hadisin da ya hana wanda ya ci tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci sananne ne. In za ka ci ka ci bayan isha'i, ka yi asuwaki da kyau, kada ka cutar da wanda zai tsaya kusa da kai a sahu.

Ni dai in ban ci tuwo ba kamar ban ci abinci ba. Ina zan samu?

Za ka samu, har da miyar kuka da ta kuɓewa da ɗanwake da fura. Hausawa sun daɗe a Makka, tun zamanin da ake tafiya a ƙasa ta Chadi da Sudan a tsallaka teku, wasu suka zauna suka hayayyafa, shi ya sa za ka ji sunan dangi Hausawi, Barnawi, Fallata a tsakanin 'yan ƙasar. Wajen Shara Mansur shi ne wurin da sunansa ya fi fita, in ka shiga sai ka ɗauka wata unguwa ce a Kano, Hausa ko'ina. Rusau na faɗaɗa gari ya taɓa unguwanni da dama a 'yan shekarun nan, masu abinci sun yi ta sauya wuri, saboda haka ka tambayi ma'aikatan masaukinku ko wanda ya zo kwanan nan, kada ka dogara da kwatancen wanda ya zo shekara goma baya. Har tsirenmu ma ya zama abincin gari, mutanen Makka suna ce masa siriya, da ƙuli da yaji da albasa kamar na gida, kuma 'yan ƙasar da kansu suke bin layinsa.

Sai dai akwai magana. Tuwon da ya fi zuwa hannun alhazai shi ne wanda mata suke kawowa a kula su zauna a bakin masauki. Da yawansu bayin Allah ne masu neman halal kuma girkinsu da daɗi, amma ba su da lasisi, jami'an baladiyya wato hukumar gari suna korarsu, kuma ba ka san tun yaushe aka sauke miyar ba, a garin da zafi yake haura digiri 40. Wani ɗan ɗakinmu ya sayi tuwo da miyar taushe da yamma, ya ajiye sai bayan isha'i ya ci, kwana biyu bai leƙa Harami ba, muna ji muna gani ya yi ta sallah a ɗaki yana hawaye. In za ka saya ka sayi wanda yake tururi, ka buɗe ka shinshina miyar, ka ci a take. Wanda ya huce ka bar shi ko kyauta ne.

Kuma ina roƙon 'yan uwa, kada son tuwo ya sa ka yi wata guda a ƙasar mutane ba ka ɗanɗana komai nasu ba. Tuwo yana nan yana jiranka a gida.

Me ake karyawa da shi da safe?

Wannan shi ne cin da na fi so a duk tafiyar. Bayan an idar da asuba an ɗan zauna, ka nemi shagon mai ful da tamis. Ful wake ne da ya kwana yana dahuwa a wata tukunya mai kama da tulu, a kwarfo shi da dogon ludayi a dama, a zuba mai a kai. Tamis kuwa wata faffaɗar gurasa ce da 'yan Afganistan suka fi yi, za ka ga mutumin ya shimfiɗa ƙullin a kan wani abu kamar matashi ya zura hannu cikin tanda ya manna a jikin bango, minti biyu ya zaro ta da ƙugiya tana ƙamshi, gefenta ya yi ƙaras-ƙaras. Guda ɗaya ta ishi mutum biyu, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ka haɗa da shayi mai madara, har azahar ba za ka nemi komai ba.

Akwai kibda wato soyayyar hanta, da shakshuka ƙwai da tumatir, da adas miyar wani ƙaramin wake, da muɗabbaƙ wanda yake kamar fanke mai faɗi da aka cusa wa ƙwai da nama da ganyen albasa. Ma'asub kuma ayaba ce da aka kirɓa da gurasa aka zuba zuma da kirim, akwai daɗi amma yana da nauyi, mai ciwon suga ya yi nesa da shi. A Madina ka nemi shayi da na'ana'ar Madina, ƙamshinta daban ne.

Gidajen abinci na manyan otal fa, sun cancanci kuɗinsu?

In da hali, sau ɗaya a tafiya, musamman in da iyaye ka zo, ni na ga amfaninsa. Otal-otal ɗin benen agogo irin su Fairmont da Raffles da Swissotel, da na Jabal Umar irin su Hilton da Conrad da Hyatt, duk suna da gidajen abinci, kuma ba sai kana kwana a otal ɗin za ka shiga ba. Yawanci bufe ne, ka biya kuɗi ɗaya ka ɗebi abin da kake so. Abin da kake saya a gaskiya ba abincin kaɗai bane, wurin zama ne cikin natsuwa, da banɗaki mai tsafta, da kuma taga. Ranar da na kai Hajiyarmu aka ba mu tebur da ake hango Ka'aba, ta manta da farantin gabanta, ta kafa ido tana kallon masu ɗawafi suna juyawa kamar ruwa, ta ɗaga hannu ta yi ta addu'a tana ambaton 'ya'yanta da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar ta ci 'yar miya da gurasa. Ban taɓa jin ciwon kuɗin nan ba.

In za ka je, ka kira ko ka leƙa tun da rana ka kama wuri, ka faɗa musu kana son gefen taga, ka tambayi farashi da ko abin sha yana ciki, domin wani wurin ruwan kwalba da lemo daban ake lissafa su. Yara ƙanana galibi ana rage musu. Ka fara zagayawa ka ga abin da ke akwai kafin ka ɗauki faranti, ka ɗebi kaɗan ka dawo ka ƙara, ba mai hana ka. Ba a ƙulle abincin bufe a fita da shi. Jallabiya ko kaftani mai tsafta sun wadatar, ba wata shiga ta musamman ake nema ba.

In kuma nama da shinkafa ne kawai burinka, gidan mandi na cikin gari irin Al Romansiah ya fi bufe, za a ba ku ɗan ɗaki da labule ku zauna a ƙasa, a shimfiɗa leda, a kawo tire guda ku haɗu a kai kamar a gida, kuɗin kuma bai kai rabin na otal ba.

Mace za ta iya shiga gidan abinci ita kaɗai?

Za ta iya. Da can doka ce kowane gidan abinci ya raba ƙofa, ta iyali da ta maza zalla, amma an janye wajabcin a Disambar 2019. Duk da haka wurare da yawa sun bar tsarinsu yadda yake, in kika ga an rubuta a'ilat ɓangaren iyali ne, nan za ki shiga, afrad kuwa na maza ne. A wasu shagunan layin mata daban ne kuma ya fi sauri. Ƙananan shagunan ful da na bukhari na cikin lungu dai maza ne suke cika su, ba a hana ki ba amma za ki fi sakewa in kika ce safari. Ga mai niƙabi, gidajen mandi masu labule da na ambata a sama su suka fi daɗin zama.

Ana rufe shaguna lokacin sallah?

Tun 2021 aka sassauta a ƙasar gaba ɗaya, amma a kewayen Harami biyu har yanzu da an kira sallah za ka ga ana jan ƙofofi, ma'aikatan ma sallar za su. Matsalar ba rufewar bace, fitowar ce. Dubban mutane ne suke fitowa lokaci ɗaya kowa da yunwarsa. Ko dai ka sayi abincinka minti arba'in kafin kiran sallah ka ajiye a ɗaki in ba mai lalacewa bane, ko ka zauna a masallaci ka yi karatu rabin awa bayan sallama, ka fito layi ya ragu. Ranar Juma'a kuwa kada ka sa rai da abincin kirki kafin a sauko.

A azumi ya abin yake?

Da rana gidajen abinci a rufe suke sai bayan la'asar su fara sayar da na tafiya da shi, kuma ba a ci a bainar jama'a. Mara lafiya ko tsoho da ba ya azumi ya tanadi abinsa a ɗaki tun dare, bakala wato kantin kayan masarufi a buɗe take. Buɗa-baki kuwa in a masallaci za ka yi ba ka buƙatar ko sisi. A Madina tun bayan la'asar ake shimfiɗa ledoji, yara da samari suna riƙo hannunka suna roƙonka ka zauna a shimfiɗarsu, a ajiye maka dabino da zamzam da yogot da wani biredi da ake ce wa shuraik da ɗan garin kayan ƙamshi mai suna duƙƙa da ake barbaɗawa a yogot ɗin. Ba a shiga da dafaffen abinci cikin masallaci. Ana sallame magariba kafin ka ankara an naɗe komai.

Shawarata ka tsaya a kan wannan mara nauyin har a gama tarawihi sannan ka ci mai nauyi. Wanda ya cika ciki da kabsa tsakanin magariba da isha'i tsayuwar za ta gagare shi. Ka gwada sambusa da miyar hatsi da suke sha da kuma sobiya, wani abin sha ne na Hijaz da ake yi da sha'ir ko biredi, da sanyinsa ake sha. Sahur a goman ƙarshe ka saye shi da wuri kafin tahajjudi, kuma bufe na otal a wannan lokacin farashinsa tashi yake sosai, sai an kama wuri tun da kwanaki.

Ina da hawan jini da suga, me zan kiyaye?

Shinkafar da ake zubawa mutum ɗaya a can ta mutum biyu ce, ka raba. Lemon kwalba da ake haɗowa da kaza ka ce a musanya maka da ruwa ko laban, wato kindirmo mai ruwa, amma ka duba, akwai mai gishiri. Shayin shago da sukarinsa ake haɗa shi, tun kafin ya zuba ka ce bidun sukkar. Dabino ana miƙo maka shi ta ko'ina, kyauta ce mai daɗi amma suga ne, ka karɓa ka sa a jaka, ba dole ka cinye a take ba. Tun 2019 doka ta sa gidajen abinci su rubuta adadin kalori a gaban kowane abinci, yana taimakawa wajen zaɓe. Gasasshiya ta fi soyayya, kuma kada ka sha maganin suga ka fita ɗawafi da cikin wofi. Maganinka ka taho da wanda zai ishe ka, a kwalinsa, da takardar likita.

Ga kowa da kowa kuma, abin da ya fi kwantar da alhazai shi ne ƙarancin shan ruwa, da ruwan ƙanƙara a kan gumi, da abincin da ya kwana a ɗaki ba firij. A Harami akwai kulolin zamzam da aka rubuta wa gair mubarrad, mara sanyi kenan, shi ya fi wa maƙogwaro.

Me zan iya tahowa da shi daga gida?

Busassun abubuwa kaɗan: yajin ƙuli ko na tafarnuwa, garin kunu, garin rogo, ƙuli-ƙuli, dakakkiyar kuka in kana da inda za a dafa maka. Ka ɗaure su da kyau a leda mai haske, a jakarka ta kaya. Goro kuwa ka bar shi a gida, hukumar alhazai ta sha gargaɗi a kansa, yana jawo wa mutum tsaiko da wulaƙanci a filin jirgi. Nama da man ja da duk abu mai ruwa su ma ana iya ƙwace su. Babban gargaɗi, kada ka karɓi ƙullin kowa, ko an ce maka kuka ce ko daddawa za ka kai wa wata 'yar uwa, mutane sun shiga masifar da ba su san hawa ba ba su san sauka ba ta wannan hanyar, kuma hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa.

Yawancin otal ba sa yarda a yi girki a ɗaki, kuma a Mina da Arfa an hana tukunyar gas. Butar dafa ruwa dai tana wadatarwa ga kunu da shayi. 'Yan Hajji ta hukuma ana ba su abinci a masauki, ka karɓa ka ci da zafinsa, abin da za ka saya a waje ƙari ne.

Na ɗaura harami, akwai abin da zan kula da shi a gidan abinci?

Ɗan tishu mai laima da ake sakowa cikin ledar abinci turare ne da shi, haka sabulun wanke hannu na gidajen mandi, wani wurin ma a bakin ƙofa ma'aikaci zai fesa maka turare a hannu ko ya miƙo maka turaren wuta don karramawa. Ka ce masa muhrim, zai gane. Ka wanke hannu da ruwa zalla ko sabulu mara ƙamshi. Batun abinci ko gahawa mai za'afaran kuwa malamai sun yi bayani a kai da bambanci tsakanin dafaffe da wanda ba a dafa ba, ka tambayi malamin ayarinku tun kafin ku ɗaura niyya.

A hanyar Makka zuwa Madina fa, ko in na leƙa Jidda?

A mota tafiyar tana cin awa biyar zuwa shida, direba zai tsaya a istiraha, wato zango mai masallaci da gidan abinci da kanti. Wani zangon abincinsa lafiya lau, wani kuwa shinkafar tun safe take a tukunya. Ka duba inda direbobin manyan motoci suka yi yawa, ka bi su. In ba ka natsu ba biredi da laban da ayaba sun isa su kai ka. Jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018 awa biyu da 'yan mintuna yake yi, ba ka buƙatar wani guzuri sai ruwa.

Jidda kuwa garin kifi ne. In kana da yini guda kafin jirginku, ka je tsohon gari da ake kira Balad da yamma, ka nemi gidan kifi inda za ka zaɓi naka a kan ƙanƙara a auna maka, ka ce a soya ko a gasa, a haɗo da shinkafar sayadiya mai launin ƙasa-ƙasa da aka dafa da soyayyar albasa. Najil shi ne mai tsadar, ka tambayi kuɗin kilo kafin a yanka. Mai bizar Hajji dai ya bi tsarin ayarinsu, ba a yawo yadda aka ga dama da ita.

Ana ba ma'aikaci wani abu bayan an biya? Kuma kati yana aiki?

Ba dole bane. Harajin kaya kashi 15 cikin ɗari ne tun Yulin 2020, kuma a ƙa'ida yana cikin farashin da aka rubuta. A babban gidan abinci in an yi maka hidima mai kyau ka bar wani abu, a ƙaramin shago ba a saba ba, amma yaron da yake share tebur yana kwashe ledoji albashinsa kaɗan ne kuma iyalinsa suna wata ƙasa, riyal biyu ko biyar a hannunsa sadaka ce a wuri mai daraja. Kusan kowane shago yana da na'urar kati, sai dai katin bankin gida yana iya ƙin yi ko ya zo da iyaka, saboda haka kada ka rabu da 'yan canji a aljihu. Masu layin waya na can suna iya yin oda ta manhajar HungerStation ko Jahez, amma mota ba ta shiga kewayen Harami lokacin sallah, sai ka fito ka tari mai kawowar.

Abinci ya yi mana yawa, ya za mu yi da ragowar?

Wannan yana damuna ƙwarai, domin tiren shinkafa da rabin kaza da nake gani a kwandon shara a benayen masaukin alhazai ba kaɗan bane. Maganin tun wajen oda ne: mutum uku su ce habba ɗaya da shinkafa nafar biyu, in bai isa ba a ƙaro. In ya ragu a gidan abinci ka ce a ƙulle maka, ba abin kunya bane, 'yan ƙasar ma suna yi. Wanda ba a taɓa ba, da zafinsa, ka miƙa wa masu shara na titi ko masu gadin masauki, ko ka ƙwanƙwasa ɗakin da ka san akwai tsoho da bai iya fita ba. In an raba abincin sabil wato na sadaka a hanya kuma kana da naka a ɗaki, ka bar wa na bayanka.